Tsintsiyar Injiniya

Jiniyar masana'anta ta ɗauki kuka ana shirin sallar azahar: bututun mai ya fashe. Direban tanka bai tsaya neman takalmansa ba. Shi da ma'aikata kusan talatin suka ruga ƙaramar ƙofa mai fita titin Zango, don ita ce kusa.

Sai ga wata injiniya ta sha gabansu, riƙe da doguwar tsintsiya.

"Kada wanda ya ƙara taku ɗaya!"

Ita ce jami'ar kiyaye haɗari a masana'antar da ke tace man etanol daga dawa. Wata uku ke nan tana rataye tsintsiya a kowane lungu, tana nanata cewa wutar wannan mai ba ta ganuwa da rana tsaka. Direban ya fi kowa yi mata dariya. Har a tashar Daura sai da ya ba da labarin injiniyar da ta yi digiri a kan shara.

"Hajiya, ba mu hanya!" ya daka mata tsawa. "Ga fili fetal, ko hayaƙi babu!"

Ta miƙa tsintsiyar gabanta, ta taka a hankali, sau ɗaya, sau biyu. A na uku, inda ido bai ga komai ba, bakin tsintsiyar ya kama ci bal-bal.

Ta juya da su ta babbar ƙofa, kowa ya fita lafiya.

A waje, direban ya daɗe yana kallon ƙafafunsa marasa takalmi. Taku uku ya rage masa ya faɗa wutar.