Nasaran da Baba Bai Kora Ba

Shekarar agana baƙi takwas ne a gidanmu na Birni, a Damagaram: fatake shida daga Borno, da Nasara biyu da suka biyo ayarin Agadas. Baba fatoma ne, mai saukar da fatake, da baƙi muke ci. Fataken suka ce Nasara ne suka kawo cutar, in ba a kore su ba, za su sake masauki.

Bayan la'asar Baba ya tafi ya sallami Nasaran, ina biye da ƙwaryar fura. Muka tarar da su durƙushe a yashi, kai ba hula, ido rufe.

Baba ya tambayi wani ɗan gari da ke yi musu tafinta, "Me suke cewa?"

"Maigida, roƙon Allah suke ya yaye wa Damagaram annoba, ya farfaɗo da zukatan mutane."

Baba ya jira suka gama, ya ce mini, "Uwata, miƙa musu furar. Mai roƙa wa garina lafiya, da wane baki zan kore shi?"

Fatake huɗu suka tashi, shekara biyu tukunyarmu tana jin rashinsu. Na tsufa a cinikin kanwa, na san faɗuwa in na gan ta. A ranar nan, Baba bai faɗi ba.