Kulocin Baba Direba

Faifan kuloci biyu mai gareji ya dire a kan benci, ya nuna na dama da sifana.

"Wannan shi ne daidai da motar ubanki. Wancan na 'yan tsere ne."

"Wancan ɗin nake so," in ji matar.

Ya dube ta sama da ƙasa. Shekara goma sha biyar yana gyara wa Baba Direba mota, tsohon da ya shekara arba'in a kan sitiyari bai taɓa take ko kaza ba, amma sai yau ya fara ganin 'yarsa a garejin. Ta shigo tana ɗaɗɗaga ƙafa kamar baƙin mai zai cije ta, riƙe da 'yar takarda da aka rubuta lambar kayan da manyan haruffa karkatattu.

Ya yi mata bayani, ba don ta cancanta ba. Kulocin tsere bai san lallashi ba, ko ya kama gaba ɗaya ko ya saki. Taka shi sai ƙato. A cunkoson cikin gari, inda ake taka a saki sau ɗari kafin a kai kasuwa, saurayi ma sai cinyarsa ta yi tsami, balle tsoho mai ciwon gwiwa.

"In na sa wannan, Hajiya, ubanki ya gama tuƙi ke nan."

"Malam, gyara aka kawo maka ko wa'azi? In ba ka iyawa, ba kai kaɗai ke da gareji ba."

Nan ya gano bakin zaren. 'Ya'yan zamani, uba na raye ana rabon gadonsa. Da ma ya lura da sabuwar ƙujewa a gefen motar da madubin da ya karye, abin da hannun Baba bai taɓa yi ba. Ashe tuni sun fara hawanta. Ya so ya kore ta, sai ya tuna in ta kai motar wani gareji, ɗan koyo ne zai yi wa giyar kaca-kaca. Ya sauke giya yana tsaki, ya ɗaura abin da aka ce ya ɗaura.

Washegari da hantsi ta kawo tsohon. Ya tsaya a bakin ƙofa, sai da mai gareji ya gaishe shi sannan ya juyo ya amsa. Ya bi motar yana shafawa tun daga gaba har ya kai ga marfin ƙofa. Tsofaffin direbobin da ke zaman hira a inuwar garejin suka miƙe suna yi masa kirari.

Tsohon ya shiga ya tayar da motar, ya taka kuloci, ya saki. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ya sake, ta sake. A karo na uku ma haka.

Ya fito yana huci, ya jefar da makulli a ƙasa.

"Kin ga abin da kika yi wa motata? To ɗauki! Ku je ku cinye ta, ke da 'yan'uwanki!"

Abokansa suka yi mata caa, mai cewa marar kunya, mai cewa ta jira nata 'ya'yan. Ta duƙa ta ɗauki makullin, ta cije leɓe ta shige motar.

Mai gareji ya kasa haƙuri. Ya bi tsohon har bakin titi, ya rage murya.

"Baba, ka ba ni awa uku in mayar maka da naka. Ba ruwana da ita."

Tsohon ya lalubo hannunsa ya damƙe, fuskarsa na kallon tulin tayoyin da ke gefe.

"Kar ka kuskura ka taɓa shi, ɗana. Ni na aiko ta. Gara a ce 'ya'yana sun ƙwace min mota da a ce Direba ba ya ganin hanya."