Kallon Dillalin Shanu

"Kuɗin da za ka riƙa biya ya ninka, Alhaji," in ji ma'aikaciyar inshorar rai, tana tura masa sakamakon asibiti.

Ya yi murmushi. Shekara talatin yana dillancin shanu a Funtua, ya san lafiyayyen sa ne kuɗinsa ke tashi.

"Ashe likita ya yaba da ni."

Ta sunkuyar da kai. "Ƙodarka ce, Alhaji. A nan, sai jiki ya yi rauni kuɗi ke hawa."

Ya gyara zama, ya shiga ciniki yadda ya saba. Ya ce a duba, a rage, marayu shida zai bari. Har ya miƙe ya nufi ƙofa, ko za a kira shi. Ba wanda ya kira shi. Ya dawo ya zauna.

"To, na sallama. A rubuta shekara goma."

"Shekara ɗaya aka yarda, Alhaji."

Ta dube shi, ta yi saurin kau da ido. Ya gane kallon. Irinsa yake yi wa bijimin da ba zai kai damina ba, kafin ya yafito mahauci.