Ƙafar Oga Filibus

"Fada, ni ka tsallake?" Filibus ya daka tsawa a bayan coci, takalmi a hannu, ransa na tafasa.

Alhamis Mai Tsarki ce, ranar da Fada ke wanke ƙafafun mutum goma sha biyu. Ya durƙusa ya wanke na 'yan dako, ya wuce Filibus, dillalin albasar da ya yi wa cocin rufi.

"Wuni na yi wurin mai yankan farce a unguwar Sabo, ya kankare kaushi, ya shafa turare, don kada in sha kunya! Su kuwa da taɓon kasuwar Bodija suka zo!"

Fada ya dubi ƙafar, tas da ita.

"Na gani, Oga Filibus. To, me ka bar wa Ubangiji ya wanke?"