Tsohuwar Littafi Na Biyar

"Karanta mini ƙarshen," in ji ta, ta gyara zama a kan benci.

Ƙanenta marubuci ne. Littattafai huɗu ya rubuta a kan wani gida a Makera, kuma duk unguwa ta san gidansu ne ya sauya wa suna. A na farko masaƙa ta rufe, uban gidan ya zauna ba aiki har ya mutu. A na biyu aka sayar da rabin gida. Daga nan 'ya'ya suka watse, wanda ya dawo kuwa a akwatin gawa ne, aka wuce da shi ƙauye. Yanzu ga na biyar, saura tsohuwa guda, makauniya kamar ita. Abu ɗaya take so ta ji: wa zai kai tsohuwar nan ƙauye idan ta mutu?

Ya yi gyaran murya. Ya karanta yadda jikoki suka cika tsakar gida ranar Kirsimeti, aka sake rufin kwano, matan zumuntar coci suka zo da waƙa, tsohuwa ta miƙe ta taka rawa.

"Ya yi daɗi, Yaya?"

"Ya yi daɗi."

Ta juya fuskarta bango. Tun da idonta ya tafi, kunnenta bai taɓa cin amanarta ba. Ya daɗe yana karatun nan, amma ko sau ɗaya ba ta ji ya juya shafi ba.