Farauta da Sandar Dogarawa

Karen ya ƙame a filin shaƙatawa na Levenshulme, ƙafa ɗaya a sama, hancinsa na nuna tattabaru. Haka jinsinsu na Faransa suke: su nuna tsuntsu, su jira harbi. Tun da maƙwabci ya rasu ya bar wa tsohon shi, karen bai sake jin ƙarar bindiga ba, har abinci ya daina ci.

Tsohon, da ya baro tasa bindigar a Bauci shekara talatin ke nan, ya ɗaga sandar dogarawarsa ya saita.

"Daram!"

Tattabaru suka watse, kare ya yi ta tsalle.

A gida matarsa ta ce, "Sarkin baka, nawa kuka kashe?"

Ya ce, "Bakwai. Zuba masa abinci, gobe za mu sake kashe su."