Manhajar da Kawu Ya Kasa Cirewa

Su uku ne a gidan: Mama, Auta da Kawu mai gyaran kwamfuta. Kwamfutar gidan kuwa ɗaya ce tak.

Auta tana tsakiyar wasa sai kwamfutar ta kulle, tana neman lambar sirri. Ta ruga wurin Kawu.

"Kawu, ɓarayi sun kulle mana kwamfuta! Malaminmu ya ce kuɗin fansa suke nema, kuma kada a biya. Zo ka cire!"

Kawu ya katse intanet, ya duba, ya murmusa.

"Wannan manhajar ta fi ƙarfina, Auta. Mamarki ce ta sa na saka ta jiya."

Daga kicin Mama ta ɗaga murya: "Fansar dai wanke-wanke ne, ga kwanuka nan suna jiranki!"

Nan Auta ta gane cewa wannan fansar sai an biya ta.